Ja a Hagu, Shuɗi a Dama

Mahaman tela dai Allah Ya shirye shi. Ranar Litinin ya ce wa Madan Furera aikinta zai fito Laraba, ranar Laraba ya ce Alhamis da sassafe, kuma sai da Alhamis ɗin ta yi, ƙarfe takwas saura kwata, sannan ya tsaya da babur a ƙofar lise, wato makarantar sakandare, yana haki, ya miƙo mata baƙar leda. A cikin ledar tabarau ne guda ashirin da huɗu. A lokacin kuwa motar ansifekta, mai duba aikin malamai da aka turo daga Tawa, har ta riga ta tsaya a inuwar bishiyar bedi, direban ya kwantar da kujera yana sauraren rediyo.

"Na yi miki har da ƙari, Madan," in ji Mahaman. "Na sa yadi mai laushi wajen da ka taɓa huska, kada kwali ya kankare yara."

Ba ta ce masa ya yi ƙari ba, amma ina lokacin magana? Ta leƙa ledar, ta ƙirga da yatsa, ta ga sun cika, ta juya da sauri.

Ga abin da ya sa take sauri. Shekara shida ke nan Furera tana koyar da kimiyyar sinadarai a wannan lise na Madawa, kuma duk shekarun nan a matsayin 'yar kwantiragi. Yau ansifektan, Mushe Shamsuddin, wato Malam Shamsuddin a faransance, zai zauna a ajinta awa ɗaya, ya cika takarda guda. In ya rubuta ta cancanta, sunanta zai shiga cikin waɗanda za a ba lambar aikin dindindin. In ya rubuta akasin haka, kwantiragin ya ƙare a ƙarshen shekara, ta tattara littattafanta ta koma Allakaye wurin innarta. Ba za a yi zama na biyu ba. Mushe Shamsuddin kuma an san shi tun daga Keita har Buza, mutum ne da bai iya murmushi a cikin aji ba.

Shi ya sa ta zaɓi darasin da take taƙama da shi. A ɗakin gwaji akwai kwamfuta guda ta tebur, wadda wata ƙungiya ta kawo da tabaran kwali shida, ido ɗaya ja, ido ɗaya shuɗi. In aka buɗe ƙwayar sinadari a kan allon, wadda yara ke kira molekil, hoto biyu ne ke fitowa a haɗe, ja da shuɗi, dishi-dishi kamar an buga hatimi sau biyu. Da an sa tabaran sai kowane ido ya ɗauki nasa hoton, su haɗu a kai, abin ya taso daga allo ya tsaya a iska, wani sashe kusa da hanci, wani can ciki. Gumi da hannun yara sun cinye biyar daga cikin tabaran. Na shidan ta kai wa Mahaman ya kwaikwaya, da ledoji masu launi da wani direba ya sayo mata daga Maraɗi.

Wannan tasowa daga allo da yara ke ihu a kanta, ita Furera ba ta taɓa ganinta ba, ko sau ɗaya. Tana shekara bakwai, lokacin girbi, karan hatsi ya soke ta a idon hagu. Idon ya warke tas, yana juyawa tare da ɗan'uwansa, wanda ya dube ta ba zai ce komai ba, amma ban da haske da duhu babu abin da yake kawo mata. Innarta ta riƙe mata kunne tun ranar, ta ce kada ta kuskura ta faɗa wa kowa, don mutane ba su manta naƙasa. Ta riƙe maganar shekara ashirin da biyar. Da ta fara aiki kuma tsoron ya ƙaru, don ta ji labarin wani malami da aka sallama daga aiki saboda kunnensa ba ya ji sosai. In ta sa tabaran, duniya takan zama shuɗiya kawai, shimfiɗe, shi ke nan. Sai ta daina sawa. Ta haddace kowane molekil yadda yake tsaye sa'ad da aka buɗe shi, wane hannu ke gaba, wane ke baya, tana faɗa yara suna gani, shekara uku ba wanda ya gane.

Yara ashirin da biyu na ajin ƙarshe suka cika ɗakin. Ta jera su sahu uku a gaban kwamfutar, na gaba a tabarma, na tsakiya a benci, dogaye a tsaye. Mushe Shamsuddin ya shigo da baƙar jakarsa, ya amsa gaisuwa da kai, ya ja kujera zuwa ƙarshen benci inda zai ga allo sosai. Ta zaɓo tabaran da ɗinkinsa ya fi kyau ta miƙa masa da hannu biyu.

Ya juya shi, ya shafa yadin. "Nan anka yi su?"

"Nan cikin gari, Mushe."

"Kin gwada su?"

"Na gwada, Mushe."

Kai, bakin mutum! Maganar ta fita tun kafin ta yi shawara da zuciyarta. Ya rubuta wani abu gajere, ita kuma ta ɗauki alli.

Darasin ya fara da kyau, wannan ba a hana ta. Ta tambaye su abin da ke sa nono tsami, suka yi ta zato, ta ce sinadari ne mai suna asid laktik. Ta zana shi a baƙin allo: karbon ɗaya a tsakiya da hannu huɗu, kowane hannu riƙe da abu dabam, H da OH da CH3 da COOH. Ta ɗaga tafukanta biyu, ta ce irin wannan molekil yana da ɗan'uwa, kayansu ɗaya amma tsayuwarsu ta saɓa, kamar hannun dama da na hagu. Wanda ya rikita abin da ke gaba da abin da ke baya, to ya zana ɗan'uwan ne, kuma a jarrabawar bak, ta kammala sakandare, ya faɗi tambayar ke nan. Ta yi layi mai kauri zuwa OH, alamar yana gaba, ta yi ɗigo-ɗigo zuwa H, alamar yana baya.

"To, ku sa tabarau."

Aka ji ƙarar roba ana ja a bayan kai. Ta buɗe molekil ɗin, siraran sanduna huɗu da haruffa a bakinsu.

"Ga OH nan ya taso wajenku, H kuma ya koma ciki. Kun gani?"

"Ee, Madan."

Amsar ta zo, amma ba irin wadda ta saba ji ba. Kullum a nan wurin ake yin ihu, wani ya kai hannu zai kama iska, a yi dariya. Yau sai wata "ee" siririya, rabin aji ma ba su buɗe baki ba. Wani yana karkata kai, wata tana duban baƙin allo tana komawa kan kwamfuta. Yaran nan an rene su ba a ƙaryata babba a gaban baƙo, kuma sun san abin da ya kawo baƙon. Shirunsu ya fi komai tayar mata da hankali.

Mushe Shamsuddin ya cire tabaransa, ya hura, ya mayar. Ya daɗe yana kallo. Sai ya nuna yarinyar da ke zaune a gaba, Ikram, 'yar Sabon Gida, wadda tun shigarta lise ba a taɓa ƙwace mata na ɗaya ba.

"Ke, ɗiyata. Mi kinka gani gaba?"

Ikram ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi. Furera ta ga yarinyar tana neman hanyar da za ta rufa mata asiri, abin ya yi mata ciwo fiye da tambayar.

"Faɗi abin da kinka gani, Ikram," ta ce.

"Madan, ki yi haƙuri. H ɗin shi ad gaba. OH shina ciki."

Aji ya yi guna-guni, masu cewa haka ne, masu gyaɗa kai. Mushe Shamsuddin ya ɗora biro a kan takarda.

"Ni ma haka na gani. Madan, ke da bakinki kinka ce wanda ya rikita wanga ya faɗi tambaya. Yara ashirin da biyu za su shiga bak da zanen da kinka yi musu. Sa tabarau ki duba da kanki."

Fankar sama tana juyawa tana ƙara, amma gumi ya riga ya jiƙa mata baya. Ta san zanenta daidai ne, ta bi shi a littafi ya fi sau goma. Ta kuma san in ta sa tabaran ba abin da za ta gani. Zuciyarta ta ce ta sa kawai, ta ce "af, kuskure na yi," ta goge allo ta gyara yadda suke so, a wuce wurin. Ƙila ya rage mata maki biyu. Amma yaran za su kwashi ƙarya su kai ɗakin jarrabawa, da hannunta. Ta ɗauki tabaran da ya rage a leda, ta ja robar bisa kallabinta, yadin Mahaman ya kwanta mata a fuska.

Ɗakin ya zama ja wur.

Ta tsaya cik. Ja? Shekara uku, duk ranar da ta taɓa sa tabaran nan, shuɗi take gani, don idon dama ke aiki kuma shuɗin a dama yake. Ta fizge shi, ta zazzage jakarta a kan tebur, alli da makulli da kati suka watse, ta zaro tsohon tabaran da aka kwaikwaya. Ja a hagu, shuɗi a dama. Ta duba na Mahaman ta wajen yadi: ja a dama. Bawan Allah ya ajiye samfurin a gabansa yana kallonsa, ya kwaikwaya tsaf, sannan don kirki ya manna yadinsa a fuskar da ya kamata ta kalli waje.

"Ku cire! Ku juya su, yadin ya kalli waje, ja ya koma idon hagu!"

Aka yi ta kokawa da roba. Sai ga ihun da ta saba ji ya tashi.

"Kai! Ga OH nan bisa hancina!"

"Wallahi ya juye, Madan ta yi gaskiya!"

Furera ta koma gaban allo. Har ta buɗe baki za ta ci gaba, sai ta lura Mushe Shamsuddin bai koma ga takardarsa ba, ita yake kallo.

"Zanenki daidai ne," ya ce. "Amma na tambaye ki ko kin gwada su, kinka ce kin gwada. Wanda duk ya sa wanga tabarau ya dubi allo, nan take zai ga abu ya juye. Ke kuma kin sa, kin dubi allo, ba allon ya gaya miki ba, sai da kinka zazzage jaka."

Ya tashi. Ya zo gaban kwamfutar, ya kama linzaminta, ya ja. Molekil ɗin ya wulwula, ya wuntsila, ya tsaya a wata tsayuwa da ba ta cikin haddarta. Ya ɗauki tsohon tabaran, mai kyan, ya miƙa mata.

"Sa wanga. Gaya mini wane hannu ka gaba yanzu."

Ta sa. Shuɗi, shimfiɗe, sanduna huɗu sun fita daga tsakiya kamar sawun kaza a ƙasa. Da za a ba ta takarda da minti biyar, da ta fitar da amsar da tunani, amma ba tunani aka tambaye ta ba, gani aka tambaye ta. Hannu huɗu ne, in ta yi zato ƙila ta dace. In ba ta dace ba, ta zama malamar da ta yi ƙarya sau biyu cikin awa ɗaya. Yara duk suna ganin amsar a gaban hancinsu, ita kaɗai ce a ɗakin ba ta gani. Ikram ta fara motsa leɓe za ta raɗa mata. Furera ta girgiza mata kai.

Ta cire tabaran a hankali. Muryar innarta tana kunnenta, da zafin yatsun nan biyu da suka riƙe shi.

"Ba ni gani, Mushe."

"Mi ba ki gani?"

"Zurfin. Idona na hagu ba shi aiki tun ina shekara bakwai. Wanga abu da ka tasowa daga allo ban taɓa ganinai ba, haddacewa nike yi. Ban gwada tabaran ba, don ko na gwada ba ni iya sani. Na yi maka ƙarya, kuma na ji kunya."

Wani a sahun baya ya ce "subhanallahi" a hankali. Ba wanda ya motsa. Furera ta ji kamar an cire mata mayafi a tsakiyar kasuwa, ta kuma san kafin la'asar maganar ta gama zaga Madawa, baki ashirin da biyu ba su riƙe zance. Mushe Shamsuddin ya duba agogo. Saura minti goma sha biyu.

To, tunda abin ya riga ya zube, sai wata irin zuciya ta taso mata, irin ta wanda ba shi da sauran abin ɓoyewa. Ajinta ne har a buga ƙarfe.

"Ku cire tabarau duka," ta ce. "Ranar bak ba mai ba ku tabarau. Kowa ya rufe ido guda da hannu. In gwada muku yadda nike yi."

Suka rufe. Ta kashe launukan biyu, ta mayar da siraran sandunan suka zama ƙwallaye masu jiki, tsayuwar tana nan yadda ya bar ta. Ta ɗaga tafinta a gaban fuskarta.

"Hannuna ya rufe muku bakina. Wa ke kusa da ku, hannun ko bakin?"

"Hannun, Madan."

"Abin da ke gaba shi ka rufe na baya. Da wanga nike zuba shayi ban zubar ba, da shi nike tsallake titi. Ku duba."

Ta taɓa linzamin, ta motsa molekil ɗin kaɗan zuwa dama, ta dawo da shi, ta sake. Ƙwallon CH3 ya gitta ta gaban karbon na tsakiya ya rufe gefensa, H kuwa ya lafe a baya.

"CH3 ka gaba, Mushe. H na can ciki."

Ta mayar da launukan. Ya sa tsohon tabaran, ya duba, ya cire.

"Haka ne."

"Kuma ku lura," ta ce wa yaran, "abin da kunka gani da farko, da tabarau a juye, shi ne ɗan'uwan nan da na ce muku. Yau kun ga su biyun da idonku. Kowa ya zana su, gefe da gefe."

Aka ji buɗe littattafai. Ta bi sahu tana duba zane, tana gyara wa wannan ɗigo, tana kaurara wa wancan layi, ba ta yarda ta dubi ƙarshen benci ba. Da aka buga ƙarfen tashi, yaran suka tara tabarau a leda ɗaya bayan ɗaya, suka fita ba hayaniya, abin da bai taɓa faruwa ba.

Suka rage su biyu. Mushe Shamsuddin yana rubutu, ita tana tsaye tana tattara allin da ya watse. Biron nan ya yi ta tafiya, har ta fara tunanin yadda za ta faɗa wa innarta, da wace magana za ta fara, ta aikin ko ta idon.

"Na rage miki a wajen shirin kaya," ya ce bai ɗago ba. "Ba don tela ba. Don amsar da kinka ba ni."

"Na yarda, Mushe." Ta ajiye allin a tebur. "Idon fa? Za ka rubuta?"

Ya juyo da takardar ya tura mata a kan tebur. Ta bi ta da yatsa: shirin darasi, sanin fanni, riƙon aji, amfani da allo. A ƙasa, inda aka bar layi biyu, ya rubuta ta cancanta, ya sa hannu.

"Kin ga wurin ido cikin takardar ga?" ya ce. "Ni ban gani ba."

Ta nemi bakin benci ta zauna. Shi kuma, maimakon ya ɗauki jakarsa, sai ya sake sa tsohon tabaran ya matsa kusa da kwamfutar yana kallo, babban mutum da furfura da kwali a fuska.

Shekara uku tana son ta yi wata tambaya, ba ta da wanda za ta yi wa ba tare da ta tona kanta ba. Yanzu kam babu abin tonawa.

"Mushe, don Allah, yaya yake?"

Ya ɗaga hannu a hankali, ya tsayar da yatsa biyu a iska, kamar taƙi guda daga allon, kamar mai shirin tsinkar ɗan tumatir.

"Nan yake," ya ce. "Daidai nan."

Furera ta taso, ta miƙa hannunta, ta kai yatsunta kusa da nasa, ta rufe su a kan wurin da ya nuna. Ta daɗe a haka ba ta buɗe ba.